Takalman Katako

Tun kafin ladan ya gyara murya
na jawo keke daga zaure.
Katako biyu, tsawonsu ya kai kafaɗata,
na fere su ne daga tsohon ƙyaure
da Baba ya bari, gara ta ci gefensa.
Kwana tara ina goga su da sanfefa,
na shafe cikinsu da kyandir,
na kafa musu maɗauri da robar taya.
Hansatu ta leƙo da fitila a hannu:
"Malam, wai shekarunka nawa?"
Na ce, "Ki dai rage min tuwo."

Daura na barci na fice ta arewa.
Katakan sun zarce kariya, sun yi wutsiya,
in na karkata dama, su ja ni hagu,
kamar na ɗauko jaki mai gardama.
Ga sanduna biyu na dogon yaro,
gorar ruwa, famfo, ƙuli-ƙuli a leda.

A shingen hanyar Mai'aduwa
wani mai kaki ya ƙwanƙwasa su da yatsa.
"Azara ce?"
"Takalma ne, ranka ya daɗe."
Ya dube ni, ya dubi ƙafata,
ya saki igiya bai ƙara magana ba.

Kwalta ta ƙare, burji ya karɓa.
Burji ya ƙare, sai sawun amalanke.
Ƙaya ta sha tayar baya a gindin aduwa,
na zauna na yi faci da yawu da haƙuri.
Gwiwar hagu ta fara yi min tsegumi,
sarƙa ta faɗi sau uku,
na ukun na zage ta, na kuma ba ta haƙuri.
Inda yashi ya yi zurfi
ni na zama keken, shi ya zama fasinja.

Nalado direba ne ya ba ni labarin wurin,
kuma Nalado in ya ga kuturu sai ya ce sarki.
Amma wannan karon bai ƙara gishiri ba.
Ga ta can bayan gonakin gero,
jigawa fara, ba ciyawa ba sawu,
ta kwanta kamar raƙumin da aka sauke wa kaya.

Na jingine keke, na saɓa katako.
Taku biyu sama, ɗaya ya koma.
A ƙololuwa na ɗaure ƙafafu,
na yi bismilla, na tura da sanda.

Ɗaya. Biyu.
Iska ta cika min riga.
Biyar. Hula ta yi nata wuri.
Bakwai, ba bashi, ba gwiwa, ba oda ta kujeru shida,
ba kowa sai shuuu a ƙarƙashin tafin ƙafa.
Tara. Goma.
Sha ɗaya, ƙasa ta taso ta gaishe ni a baki.

Tafiyar awa biyar,
kuɗinta ƙirga goma sha ɗaya.

Ina tofar da yashi na ji dariya.
Wata yarinya ce mai kiwon awaki,
ta ce sunanta Tasalla, ta ce, "Baba, ara min."
Ta hau babu sanda, babu tsoro,
ta sulalo har ƙasa a tsaye
kamar da su aka haife ta.
Ta ce, "Gwiwa ake lanƙwasawa, kai ka sandare."
Na hau sau shida bayan nan.
Na huɗun ban faɗi ba.

La'asar ta sakko, na sake ɗaure kaya.
Hanyar dawowa ta fi tsawo,
ban san wa ya ƙara mata ba.

Bayan isha na tura ƙofa.
Hansatu ta ce, "To, me ka samo?"
Na juye aljihu a kan tabarma.
Yashi ya zubo, fari, da sauran ɗuminsa.
Ta daɗe tana murza shi da yatsa,
sannan ta ce, "Kariyar nan tana ɗaukar mutum?"